Ga Mu Nan

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a birnin Madani na ƙasar Sudan ya san waƙar "Gamarna". Da ita ake shigo da amarya, da ita ake tashi. Direbobin raksha, wato keke mai ƙafa uku, suna saka ta, masu shayi a bakin kogi suna rera ta a hanci, kuma idan ɗan Madani ya daɗe a Saudiyya, ita yake kunnawa a waya ya zauna shiru. Kalmar da Larabcin Sudan tana nufin "farin watanmu". Mutanen birnin sun yarda cewa wani mawaƙinsu da ya rasu tuntuni ne ya yi ta saboda wata yarinya mai hasken fuska.

A Hillar Bawa, wani ƙauyen Hausawa da ke bayan garin Hajj Abdalla, tsofaffi sun san labarin ta wata fuskar. Kafin mutumin nan ya zama mawaƙi direban lori ne, yana kwasar mata zuwa tsinkar auduga. A bayan lorinsa wata mata mai suna Kulu take ba da waƙa, sauran suna amsawa. Iyayen Kulu sun taso da ita daga ƙasar Sakkwato tana goye, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, yankin noman auduga na Sudan, uban ya kama aikin gona don ya tara na gaba, yana cikin tarawa ƙasa ta rufe shi. Ga abin da Kulu take rerawa:

Ga mu nan, ga mu nan,
Gabas ba ta karɓe mu ba,
Yamma ta mance sunanmu,
Ga mu nan bakin ruwa.

Direban ba ya jin Hausa. Kunnensa ya kama "ga mu nan" ya mayar da ita "gamarna", ya ɗauki karin waƙar ya zuba masa baitocinsa na soyayya, rediyo ta yi sauran aikin.

'Yar Kulu guda ce ta rage a duniya, Halimatussa'adiya, wadda kowa ke kira Sa'adiya. Larabawa suna ce mata Hajja saboda furfura, ko da yake ita ma, kamar uwarta, ba ta taɓa ganin teku ba. Ta iya waƙar daga farko har ƙarshe. Amma ko a cikin ƙauyen yanzu ta birni ake sakawa a biki, har wata rana jikarta ta ji tana rerawa wajen wanke-wanke ta ce mata da Larabci, "Habboba, ba haka ake faɗa ba." Habboba ita ce kaka a bakinsu. Sa'adiya ba ta yi wa yarinyar faɗa ba. Ta dai daina rerawa idan yara suna kusa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, autanta Bilyamin ya iso daga Madani. Can yake zaune shekara da shekaru, yana kaɗa urgun, wato piyanon lantarki, a ƙungiyar wani mawaƙin biki. Ya same ta a inuwar rakuba, wato rumfar tsakar gida, tana yanka kuɓewar shanya, ita da taubashiyarta Ramatu.

"Inna, albishirinki."

"Goro na wurin Ramatu, ita ko ba ta ba ko mai sheƙawa."

"Ƙarya take maka, Auta," in ji Ramatu. "Ta cinye nata tun hantsi. Baki ba haƙora amma aiki kamar injin niƙa."

Bilyamin ya yi dariya, ya zauna bakin gado, ya faɗa musu abin da ya kawo shi. Birnin zai yi bikin tunawa da gadonsa na kiɗa da waƙa, mako guda cur, a wani lambu kusa da kogi. An kafa lajna, wato kwamiti, kuma shi ya samo wa uwarsa wuri. Za ta hau dandamali da ƙwaryarta, Ramatu ta yi mata amshi.

Sa'adiya ta ajiye wuƙar.

"Wace waƙa?"

"Wadda kika ga dama, Inna."

"Ka san wadda nike so." Ta dube shi sosai. "Za a faɗi sunan Kulu? Za a faɗi Hillar Bawa, mutane su ji?"

Bilyamin ya miƙa hannu ya ɗauki butar jabana, ya tsiyaya gahawa a ɗan kofi, ya tsaya kallon tururin.

"In sha Allahu, Inna."

Ta san wannan "in sha Allahu" tun yana yaro, lokacin da ake aikensa yankan ciyawa ya zarce wanka a tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Amma abin da mutum ya daɗe yana so yakan toshe masa kunne. Ba ta sake tambaya ba.

Kafin ranar ta zo ta fito da ƙwaryar da ta fi amo, ta goge ta, ta gwada ta a kife cikin tasar ruwa. Ta wanke farin tobinta mai bakin shuɗi, wanda take lulluɓa da shi ranar Idi. Ta bi gidajen tsofaffin ƙauyen ɗaya bayan ɗaya tana shaida musu cewa za a ambaci Kulu a Madani. Wata makauniyar tsohuwa da ta taɓa hawa lorin nan ta kama hannunta ta ce, "Ki faɗa musu har da mu masu amshi."

Da safe suka shiga motar haya daga Hajj Abdalla, ƙwaryar a cinyar Sa'adiya, tasar a cinyar Ramatu. Ba su kai rabin hanya ba direban ya saka "Gamarna". Ramatu ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ga ɗiyarki da anka sace tana gaishe ki."

"Bari ta yi ta rawa," in ji Sa'adiya. "Yau za ta ji sunan uwarta."

Bilyamin ya tarye su a tasha, ya kai su lambun bayan azahar. An kafa dandamali babba, an jera kujeru, an rataya hotunan mawaƙan birnin da suka rasu, har da na tsohon direban lori, da tabarau da murmushi. A bayan dandamalin akwai tanti inda masu wasa ke shiri. Nan shugaban lajna ya same su, Ustaz Abdulwahab, dattijo mai farin rawani da fara'a ta gaskiya. Ya dafa ƙirji, ya ɗaga murya, ya rarraba kalmomin Larabcinsa kamar mai magana da kurma.

"Barka. Da zuwa. Sudan."

Sa'adiya ta ɗauka raha ce. Ta amsa masa da Larabcin Jazira tsantsa, irin wanda ta yi cinikin albasa da shi tun tana budurwa. Ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi zafi, ta ce ai Sudan ɗin ta same ta ne tun a zanen goyo, yau da safe ma daga Hajj Abdalla ta taso.

Ustaz ya juya wajen Bilyamin, wanda a birni ake kira Binyamin.

"Binyamin, ba ka yi musu bayani ba?"

Da ya ga saurayin ya sunkuyar da kai, sai ya yi bayanin da kansa, cikin ladabi. Shirin kashi biyu ne. Akwai kashin gadon birni, wanda ya cika tuni da sanannun mawaƙa da 'ya'yan waɗanda suka rasu. Akwai kuma kashin baƙi daga ƙasashe aminai, Habasha da Chadi da Najeriya. 'Yan Najeriyar ne ba su samu zuwa ba, an riga an buga sunan ƙasar a allo, sai Allah ya taimaka Binyamin ya ce ya san wasu mata masu irin wannan yaren.

"Ba wani abu ba ne, Hajja," in ji shi. "Ku yi waƙarku, mutane su ji daɗi. Sai dai don Allah kada ki yi Larabci a kan dandamali. Larabcinki ya fi nawa, zai ɓata mana tsari."

Ya yi dariya don ta ji daɗi, ya wuce wajen 'yan Habasha.

Daga duk maganarsa kalma biyu ne suka tsaya wa Sa'adiya. Wasu mata.

Kafin ta buɗe baki, mai gabatar da shirin ta shigo, wata kyakkyawar budurwa mai suna Widad, ɗauke da atamfa biyu masu launin rawaya da kore da aka aro daga wasu ɗalibai. Ta roƙe su su cire tobi, don da tobi, in ji ta, sun yi kama da 'yan gida da yawa. Ta ɗaura wa Ramatu ɗankwali mai tsini sama kamar yadda ta gani a waya.

"Duba min, Sa'adiya," in ji Ramatu da Hausa. "Ni ce nan ko tulu ne anka ɗora ma gammo?"

Sa'adiya ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun rigar ɗanta ta ja shi bayan tanti, inda igiyoyin lantarki suke kwance a ƙasa.

"Auta, ni wace ce?"

"Inna, don Allah ki rage murya."

"Da wane harshe zan rage ta? Da wanda anka hana ni, ko da wanda kake jin kunya?"

"Ba kunya ba ce." Ya waiwaya ya duba ko akwai mai ji. "Na gwada, wallahi na gwada. Na je wurin lajna na ce akwai tsohuwar da ta san asalin wata waƙa. Suka ce wace waƙa. Inna, 'ya'yan mutumin nan suna cikin lajnar. Ga su can za su zauna a layin gaba. In tsaya gabansu in ce ubansu ya tsinci waƙarsa a bayan lori, bakin Fallata, yadda suke kiranmu, masu tsinkar auduga? Waƙar nan ita ce tutar garin."

"Sai ka ce wasu mata."

"A nan ba wanda ya taɓa tambayata ni ɗan wane ne, ni kuma ban faɗa ba. Binyamin mai urgun, halas, shi ke nan. Wanda nake wa kiɗa in ya ji, ba zai ce komai ba, sai dai in ga wani a kan kujerata. Na ga an yi wa wasu." Ya sassauta murya. "Na ce ko ba komai ki hau dandamali sau ɗaya, ki rera ta yadda take, dubban mutane su ji. Wannan ma ai wani abu ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Yana da goshin Kulu, wannan faffaɗan goshin da kowa a ƙauye ke gane zuriyarta da shi.

Ta koma cikin tanti, ta cire tobinta, ta ninke shi, ta ba Widad ajiya. Tana ɗaura atamfar ta ce wa Ramatu, "Su sa min ko fatar kura ce. Lasifika dai gaban bakina za ta tsaya. In na gama waƙa, ni zan faɗa da kaina, da Larabcin nasu."

Bayan la'asar lambun ya cika. 'Yan Habasha suka yi rawar kafaɗa, 'yan Chadi suka busa sarewa. Makaɗan birnin suna zaune a gefen dandamali da kayansu, suna jiran kashinsu, Bilyamin a bayan urgun. Sannan Widad ta ɗaga murya ta ce a tafa wa iyaye biyu da suka keto sahara daga Najeriya don su taya Madani murna.

Aka kawo tasar ruwa. Sa'adiya ta zauna a ƙasa, ta kife ƙwaryar, ta buga ta a hankali, irin bugun da ya dace da tafiyar mai ɗauke da buhun auduga tun asuba. Muryarta ta tsufa amma ba ta karye ba.

"Ga mu nan, ga mu nan."

Ramatu ta amsa. Baiti na farko ya wuce cikin shiru, kuma a wannan ɗan lokacin waƙar ta tsaya a Madani da tufafinta na asali. Sa'adiya ta hango wata mai sayar da gyaɗa a bakin shinge ta sauke farantinta, ta dafe baki.

A amshi na biyu wani a tsakiyar taron ya gane karin. Ya miƙe ya yi kirari, ya ɗaga hannu yana kaɗa yatsu. Na kusa da shi suka gane, sannan layin gaba, sannan lambun gaba ɗaya. "Gamarna, gamarna." Mata suka rangaɗa guɗa. Mawaƙin da Bilyamin ke wa aiki ya yi wa makaɗansa alama da hannu, mai ganga ya shiga, ya ninka saurin kiɗan. Daga baya urgun ya shiga shi ma. Sa'adiya ta san hannun. Shi ne hannun da ta koya wa bugun ƙwarya yana zaune a cinyarta.

Ta ci gaba da rera baitocin Kulu, na uban da ya mutu yana tara guzuri, na rijiyar da aka bari a yamma ba a san wanda ke sha ba yanzu. Ita kanta ba ta jin muryarta. Ƙwaryar tana rawa a kan ruwa kamar ba a buga ta.

Da aka gama, tafi ya ƙi tsayawa. Widad ta zo da gudu, idonta da hawaye na gaske.

"Kun gani, mutanen Madani? Waƙarmu ta kai har Najeriya. Sun juya ta da yarensu, tsofaffinsu suna rera ta. Wane birni ne yake da irin wannan?"

A layin gaba 'ya'yan marigayin suka rungume juna. Widad ta durƙusa ta kai lasifika bakin Sa'adiya, ta yi mata alama da hannu ta ce wani abu da yarenta.

Sa'adiya ta yi niyyar Larabci, amma da ta buɗe baki Hausa ce ta fito, don da ita ta saba kiran sunan uwarta.

"Wagga waƙa ta Kulu ce, uwata. Ita ta yi ta a bayan lori, da matan Hillar Bawa masu amsa mata. Kabarinta na bakin tur'a, nan kusa, bayan Hajj Abdalla. Ba daga ko'ina munka taho ba. Nan anka haife mu."

Muryar ta fita ta manyan lasifikoki har bakin kogi. Widad ta yi murmushi ta dubi taron.

"Wa zai fassara mana?"

Akwai Hausawa a wurin. Sa'adiya ta ga mai gyaɗar, ta ga wasu samari biyu masu jera kujeru, ta ga wani mai kwat a layi na uku da ta tabbata jikan Hausawan garin Abu Na'ama ne. Ba wanda ya motsa. Ustaz Abdulwahab ya nuna Bilyamin daga ƙasa, tun da shi ya kawo baƙin, wataƙila ya tsinci kalma ɗaya ko biyu a wurinsu.

Bilyamin ya taso daga bayan urgun. Ya karɓi lasifika. Bai dubi inda take ba.

"Ta ce," in ji shi da Larabci, "tana godiya ga Madani da mutanenta masu karamci. Ta ce tun tana yarinya take jin waƙar nan, kuma yau ta yi farin cikin ganin garin da aka haifi waƙar."

Aka sake tafi. Widad ta karɓi lasifikar ta mayar bakin tsohuwar, ta ce da wasa ko Hajja ta koyi kalma ɗaya ta Larabci a zamanta na Sudan.

Ramatu ta matsa kusa ta ce a hankali, "To, ga ta nan. Faɗi."

Kalmomin suna nan a shirye, ta jera su tun a cikin tanti. Numfashi biyu sun isa. Ta ɗaga kai. Bilyamin yana tsaye tsakanin mai gidansa da makaɗan, hannuwansa a bayansa kamar yaron da ke jiran bulala a makarantar allo, gumi yana bin faffaɗan goshin nan. Idan ta faɗa, ba sunan Kulu kaɗai taron zai ji ba. Zai ji cewa mai urgun ya yi ƙarya a gaban birni, zai kuma ji ko shi ɗan wace ce.

Sa'adiya ta karkata harshenta, ta ja kalmar yadda ta taɓa jin sababbin alhazai daga yamma suna ja.

"Su-ku-ran."

Lambun ya fashe da dariyar jin daɗi. Widad ta sumbaci kanta.

Ba su tsaya kashin gadon birni ba, don motar ƙarshe ta Hajj Abdalla tana tashi kafin magariba. Sun sami wuri a baya. Ramatu ta rungume tasar tana kallon taga. Ana shirin rufe ƙofa Bilyamin ya iso da gudu, ɗauke da farin tobin da uwarsa ta manta a tanti. Ya miƙo ta taga.

"Inna."

Ta karɓa, ta shimfiɗa shi a kan ƙwaryar.

"Inna, ki yafe min."

"Ka iya fassara, Auta," in ji ta, ba tare da zafi ba. "Da ina tsoron Hausarka ta zube a birni. Ashe tana nan. Sai wanda ya ji magana duka yake iya kauce mata haka, bai taka ko kalma ɗaya ba."

Daga lambun aka jiyo ganga ta fara, ana kiran mai urgun da lasifika.

"Je ka, suna nemanka."

Motar ta tashi. Suna fita gari direban ya kunna rediyo, ana watsa bikin kai tsaye, taron yana rera amshin da murya ɗaya. Ramatu ta ɗaga murya da Larabci ta ce ya rage, akwai mai ciwon kai.

"Ƙyale shi," in ji Sa'adiya. "Waƙarsu ce. Ni na ba su da bakina."

Suka wuce gadar tur'a ta farko. Sannan Ramatu ta ce, "Makauniya za ta tambaye ki ko kin faɗi masu amshi."

"Na faɗa," in ji Sa'adiya. "Ki shaida mata na faɗa. In ta ce da wane harshe, ki ce ba ki ji ba."